Kifin Siminti na Ƙarshen Jinga

A gidanmu idan na buɗe baki zan ba da labari, Umma takan ce a raba shi kashi uku, a zubar da biyu, a wanke ɗayan tas kafin a yi amfani da shi. Ni dai ban ga laifina ba. Gado na yi, kuma kowa ya san a wurin wa. Kakana ne, mahaifin Babanmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana su a kogin Haɗeja kafin ya koma noman shinkafa a fadama. Yana da labarin wani giwan ruwa da ya taɓa kamawa, tun ina goye nake jinsa. Kifin nan ya mutu tun kafin a haifi Babanmu, an cinye shi an sha romo, amma har yau bai daina girma ba. Ina firamare kamar ɗan maraƙi yake. Da na shiga sakandare ya kai bijimi. Idan Kaka ya zo wurin kwatanta girmansa sai ya ajiye carbi, ya buɗe hannuwansa biyu iya buɗewa, ya ɗan karkata baya, wai hannuwan ne ba su isa ba.

Ni da shi wasa muke, irin na jika da kaka. Yana kira na matarsa, ina kiransa Tsoho. Kullum ina masa barazanar zan bar shi tunda ko ɗankwali bai taɓa saya mini ba, shi kuma yana cewa shi ne ma yake haƙuri da ni, don tuwona ko akuyar gidan sai ta yi tunani kafin ta ci.

Bara, bayan an gama yankan shinkafa, ya tashi alwala wata safiya sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Kafin hantsi muna asibiti. Aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi bakinsa ya dawo daidai, alhamdu lillahi, domin da bakin ne ya tafi da ban san da wa zan riƙa faɗa ba. Amma ƙafar jan ta yake yi, hannun kuma yana kwance a kan cinyarsa kamar kayan aro.

A sashen gashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, akwai wata ma'aikaciya 'yar Filato, gajeruwa, mai fara'a, amma ba a musu da ita. Ta durƙusa a gabansa ta dafa gwiwar.

"Baba, ƙafar nan ba mutuwa ta yi ba, fushi take yi. In kana tafiya kullum da yamma za ta huce. In ka zauna, ita ma za ta zauna, kuma wannan karon ba za ta sake tashi ba. Hannun ma ka riƙa ɗaga shi."

Babanmu ya ce an ji, za a yi. Ni aka ɗora wa aikin rakiya, tunda ni kaɗai ce a gidan zan gaya wa Kaka magana ya yi dariya maimakon ya ɗaure fuska.

Ranar farko muka fito bayan la'asar, shi da sandarsa, ni a gefen hagunsa. Ko ƙofar maƙwabta ba mu wuce ba mai shagon kan kwana ya hango mu. Ya bar ciniki ya rugo ya durƙusa. Yaya jiki, yaya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Kafin Kaka ya gama amsawa an kawo benci, an kawo ruwa a kofin silba, wani har ya fara yi masa fifita. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya sake gaisuwar daga farko. Muna nan har aka kira magariba. Tafiyar ranar ke nan.

Washegari na ce mu bi ta lungun baya. A nan masu mashin suka same mu. A garinmu ba a ganin dattijo yana tafiya a ƙasa a wuce shi. Wanda ya yi haka sai an tambaya ɗan gidan wane ne. Wani saurayi ya taka birki har ƙura ta tashi.

"Baba, ina za a je? A hau in kai ku."

Na ce, "Ba inda za mu. Tafiya kawai muke yi."

Ya kalle ni kamar na yi masa Turanci.

"Ba inda za ku kamar yaya?"

"Likita ce ta ce ya riƙa tafiya."

"To ai shi ke nan, sai in kai shi inda likitar ta ce ya je."

Ina cikin bayani Kaka ya riga ya miƙa masa sanda. Aka ɗora shi, wani ya hau baya ya riƙe shi, aka zaga da shi aka dawo da shi ƙofar gida yana ɗaga wa mutane hannun dama kamar ango. Ni ce na yi tafiyar. Wata rana ma wani mai amalanke da ya ɗauko kara ya tsayar da shanunsa, ya rantse ba zai gusa ba sai Baba ya hau.

Abin bai tsaya nan ba. Wani abokin Babanmu ya ja shi gefe bayan sallar isha'i ya ce in mashin ɗinsa ne ya lalace ya faɗa a ara masa, amma don Allah kada a sake ganin tsohon nan yana jan ƙafa a titi kamar ba shi da 'ya'ya. Babanmu ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba.

Kaka kuwa dama abin da yake jira ke nan. Ya ce mini, "Kin ji ko? Ni tun da nake ban taɓa fita ba tare da wurin zuwa ba. Ko gona, ko kogi, ko masallaci, ko gaisuwa. Mutum da furfurarsa ya fita yana ta zagaye, a ce ina zuwa, ya ce babu? Ai sai a fara nemo mini rubutu."

Daga nan ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna. Kwanaki suka yi ta wucewa. Ƙafar ta fara ramewa, har ta kai in zai kewaya sai mutum biyu sun ɗaga shi. Amma abin da ya fi ba ni tsoro daban ne. Wasu 'yan uwa suka zo duba shi daga Kafin Hausa, na ce, "Tsoho, ba su labarin kifinka mana, su ji ƙarya mai daɗi." Ya fara kuwa, ya shiga ruwa da gorarsa, ya yi kokawa da kifin, har ya iso wurin kwatance. Ya ajiye carbi, ya ɗaga hannun dama. Sai ya dubi na hagu yana kwance a cinyarsa. Can ya ce, "Ya dai yi girma," ya ɗauki carbinsa. Ba wanda ya yi dariya. Ni ma na tashi na shiga ciki, na ce wa Umma hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

A bayan unguwarmu akwai jinga, wato dogon tudun ƙasar nan da aka yi don tare ambaliya. Da can ba abin da ake yi a kanta sai shanya barkono da kiwon awaki. Sai wasu samarin unguwa suka haɗu suka gyara wani yanki nata. Suka dasa itatuwan maina a jere, kowace da shingen ƙaya saboda awaki, suka yi bencina na siminti, suka kira wani mai zana allunan shaguna ya yi musu ado. A bakin shiga suka kafa turakun ƙarfe kusa da kusa yadda mashin ba zai ratsa ba. Can ƙarshe kuma, inda jingar ta tsaya a bakin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, suka gina kifi da siminti. Ni da ƙawayena mun sha zuwa can cin awara.

Tunanin turakun nan ne ya fara faɗo mini. Wurin da mashin ba ya shiga! Saura wurin zuwa.

Ran nan na dawo daga makaranta na tsaya a tsakar gida, daidai inda zaure yake jin magana, na ɗaga murya.

"Umma, yau na ga kifin da ya fi na Tsoho."

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Umma.

"Wallahi kuwa, na siminti ne, a ƙarshen jinga. Bakinsa kaɗai adaidaita za ta shiga ta juyo ba ta taɓa haƙori ba. Da aka zo gina shi sai da siminti ya ƙare a gari aka aika Kaugama. Kuma an ce daidai girman wani kifi aka yi shi, wanda wani mutumin Birniwa ya kama."

Na ji tari daga zaure.

"Ke! Zo nan. Mutumin ina kika ce?"

"Birniwa."

"Birniwa? Mutanen da ko kwaɗo sai da damina suke gani? A cikin rairayi ya kama shi?"

"Ni dai haka na ji. An ce naka in aka ajiye kusa da shi, ɗan tsakonsa ne."

Yayana, wanda Allah bai ba shi basirar gane shiri ba, ya zaro waya ya ce ai yana da hoton kifin, bari ya nuna wa Kaka. Na mintsine shi amma ya riga ya miƙa. Allah ya taimake ni, Kaka ko kallo bai yi ba, ya ture wayar da bayan hannu.

"Kawar da abin nan. Ba shi ne ya mayar da matata fara sol a hoton sallah ba, har na ce wace baƙuwa ce wannan? Abin da zai yi wannan aiki, kifi ne zai gagare shi? Sai na gani da idona."

Na ce, "Ai ba za ka iya zuwa ba, Tsoho. Mashin ba ya shiga, sai da ƙafa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce a miƙo masa sanda.

Haka muka tsara. Bayan la'asar Babanmu ya ɗauke mu a mashin, a hankali, ta babban titi, don duk unguwa ta shaida cewa tsohon nan yana da 'ya'ya. Ya sauke mu a bakin turaku. Daga nan sai ƙafa.

A kwanakin farko ba mu wuce tayoyi ba. Tsofaffin tayoyin mota ne aka binne rabi, aka shafe su da fenti ja da kore da rawaya, aka shuka fure a tsakiyar wasu. Awaki sun cinye furen sun bar fentin. Kafin mu kai can Kaka ya jiƙe da gumi, numfashinsa har ina ji. Sai ya tsaya ya jingina da sanda, ya yi kamar kogi yake kallo. Ni ma sai in yi kamar ban san hutawa yake ba. Ruwa ya ja baya a lokacin, ya bar laka mai sheƙi. Injinan ban ruwa suna ta kuka a fadama, belbelu suna bin shanu, samari suna jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, daga cikin jirgi, iska kuma tana kawo ƙamshin banda daga inda mata suke gasa kifi. Yakan ja iskar nan har cikin ransa kafin ya ce mu juya.

Ba wai a kan jinga babu masu gaisuwa ba. Akwai wasu dattijai da suka mayar da bencin farko wurin dara, kuma su ne haɗarin da na fi tsoro. Suna ganinsa suka matsa, suka share masa wuri.

"Bismillah, Malam, a zauna. Ina zuwa haka da ƙafa?"

Amma Kaka ko tsayawa bai yi ba. Ya nuna ni da haɓa.

"Zan je in kama maƙaryaciya."

Suka dube ni, suka dube shi. Ɗaya ya ce, "To, wannan kam aiki ne. Allah ya ba da sa'a." Suka koma kan dararsu. Ashe abin da garin nan yake nema ke nan tun farko: a gaya masa inda za a. Ko da kama maƙaryaciya ne, in dai wurin zuwa ne, an yarda.

Bayan tayoyi akwai gorar masunta, ita ma ta siminti, an kifa ta a kan dakali. Da muka fara kai wa can Kaka ya zaga ta, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya ce duk wanda ya hau wannan ya shiga ruwa, to ya yi sallama da iyalinsa tukuna. Kusa da ita wani mai rake yake zama. Kaka ya faki idona ya matsa kusa da shi.

"Yaro, tsakaninka da Allah, kifin can na ƙarshe, yaya girmansa?"

Na tsaya a bayan Kaka ina ta zare wa mai raken ido, ina buɗe hannuwa. Bai ma dube ni ba. Ya ci gaba da fere rake ya ce, "Baba, ni dai ban taɓa zaga shi a yini ɗaya ba."

Ban roƙe shi ba, ban ba shi komai ba. Haka wata mai awara ta ce ita a inuwar jelarsa ta yi talla duk bazarar bara. Wani ɗan makaranta ya ce ƙaninsa ya taɓa ɓata a cikin kunnen kifin. Wasu na san sun gane abin da nake yi. Wasu kuwa halin garin ne kawai: ba a tambayi mutumin Haɗeja girman kifi ya rage.

Gaba da gora akwai ɗakin injin ruwa, kuma a bangonsa ne mai zane ya fi nuna gwaninta. Ya zana kogi shuɗi, shinkafa kore shar, tsuntsaye a sama, da jirgi a tsakiya. Da farko akwai mutum a cikin jirgin yana tuƙi. Sai wani malami a unguwar ya ce zanen mutum bai dace ba, aka shafe mutumin da fentin sararin sama. Game da tsuntsayen kuma aka yi ta muhawara har fenti ya ƙare, sai aka bar su. Amma an manta da filafilin tuƙin. Yana nan tsaye a iska shi kaɗai, rabinsa a ruwa, ba mai riƙe da shi.

Ranar da muka fara isa can Kaka ya tsaya ya ƙura wa zanen ido. Ya ce, "Inna lillahi. Mai jirgin ya faɗa ruwa ba wanda ya kai ɗauki?" Daga ranar kullum sai ya gaisa da bangon. "Har yanzu bai fito ba? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ba ya magana."

A gindin bangon nan ne ya faɗi. Ruwan damina ya taɓa cin ƙasar wurin ya bar ɗan rami, ƙafar hagu ta shiga ta ƙi fitowa. Kafin in tare shi ya kai ƙasa, sanda ta yi gefe, hularsa ta gangara. Nan da nan mutane suka taru. Wannan yana salati, wancan yana cewa a ɗauko baro, wani yana faɗa wai wane marar imani ne ya fito da tsoho. Kaka yana zaune a ƙasa, kansa ba hula, ƙura a gemunsa. Ban taɓa ganin kansa a waje ba hula ba sai ranar. Ya yi magana a hankali, ni kaɗai na ji.

"Mu koma gida. Ba zan kai ba."

Na san in aka ɗora shi a baron nan aka tura shi ta gaban masu dara, ya gama fitowa, sai dai buzu da zaure. Na ji muryar matar asibiti a kunnena. Sai kawai na riƙe ƙugu.

"To shi ke nan, Tsoho, ba ni takardata. Mutumin Birniwa zan aura, mai babban kifi."

Wata mata ta riƙe baki. Kaka ya ɗago ya dube ni, ido jajur. Sai na ga kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya ce.

"Ja'ira. Ɗauko mini hulata. Ku kuma kada wanda ya taɓa ni."

Ya sa hula, ya ja jiki zuwa bango, ya dafa shi da hannun dama. Ya daɗe yana fama, mutane suna ta miƙa hannu suna janyewa. Da ya miƙe, sai ga tafinsa daidai kan filafilin nan da ba mai riƙo. Mai rake ya ce, "Ga mai jirgi ya fito!" Kowa ya fashe da dariya. Ranar gida muka koma, amma da ƙafarsa ya kai bakin turaku, baro yana bin mu a baya ba kowa a ciki.

Daga nan tafiya ta fara kyau. Ya daina jan ƙafar sosai, sai ɗan ɗingishi. Sai kuma ni damuwa ta kama ni, domin kullum muna ƙara matsawa kusa da kifin, kuma ni na san abin da ke can. In ya gani ya yi fushi ya ce ba zai sake fitowa ba fa? Na fara rage kaya a hankali.

"Tsoho, an ce fa ruwan sama ya ɗan zaizaye shi."

"Uhm."

"Kuma rana ta sa ya ɗan motse."

"Siminti ne ko kilishi?"

Na kawar da kai na yi kamar kogi nake kallo.

Wata yamma mai iska muka wuce maina ta ƙarshe, jinga ta ɗan karkata, sai ga shi. Tsawonsa bai fi na bencin makaranta ba. An shafe shi da shuɗin fenti, an yi masa jan baki kamar zai je biki, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Gashin baki irin na tarwaɗa, jiki irin na ƙarfasa, jela kuwa wani ɓangare ya gutsure har ƙarfen ciki ya leƙo. Yara biyu suna kansa suna sukuwa, wata akuya tana kwance a inuwarsa, kuma inuwar ba ta ma rufe ta duka ba.

Kaka ya tsaya. Ya dubi kifin, ya leƙa bayansa ko akwai wani. Kacala ce kawai da ruwa. Masu dara da mai rake da mai awara duk sun biyo mu a baya, wai iska suka fito sha.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Wannan ne adaidaita take juyawa a bakinsa?"

"Ƙaramar adaidaita."

"Don wannan abin, wanda uwarsa ma ba za ta gane shi ba, kika sa na taka ƙasar Allah tun sanyi har zafi ya shigo?"

Na ja da baya kaɗan, yadda sanda ba za ta same ni ba. Amma bakina ya riga ni.

"To ai ni gani nake kamar da kaɗan naka ya fi shi. In ma ya fi shin."

"Da kaɗan?"

Ya jingina sandarsa a jikin kifin. Ya gyara tsayuwa, ya juya wajen masu dara, don su ne shaidu.

"Ku ji mini yarinyar nan! Wannan ai ko abincin rana bai isa kifina ba. Ranar da na fito da shi, daga kai zuwa jela, wallahi kamar haka!"

Ya buɗe hannuwa. Na dama ya tafi can. Na hagu kuma ya tashi daga gefensa, yana rawa, yatsun a lanƙwashe, ya yi sama har kusan kafaɗa ya tsaya a iska. Shi bai ma lura ba, yana ta bayanin yadda jelar ta karya masa gora. Mai awara ce ta fara cewa, "La ilaha illallahu, hannun!" Sai ya bi idonmu ya duba. Ya daɗe yana kallon hannun kamar wani ɗan uwa da ya dawo daga doguwar tafiya. Sannan ya sauke shi a hankali, ya share ido da hannun riga, ya ce iskar kogi tana da yaji yau.

Na ce, "Hayaƙin murhu ne, Tsoho. Ni ma yana yi mini haka."

Ya zauna a bayan kifin ya huta, yaran suka matsa masa. Ya aiki ɗaya ya kawo mini awara, wai sadakar maƙaryata. Shi ne abu na farko da ya taɓa saya mini a zaman aurenmu, kuma na gaya masa hakan a gaban jama'a.

Da muka koma asibiti na ba matar sashen gashi labari. Ta yi dariya har ta zauna a kan gadon marasa lafiya. Ta ce ta daɗe tana lallashin hannun nan da robobi da ƙwallo bai kula ta ba. Ta sa ya ɗaga ya sauke, ta ce saura aiki, kada ya daina.

Bai daina ba. Labarin giwan ruwa ya dawo zaure, sai dai akwai matsala. Hannun hagu bai gama buɗewa ba, saboda haka kifin ya koma ɗan maraƙi, kuma ya karkace ta gefe ɗaya. Duk lokacin da ya kwatanta wa baƙi sai in leƙo daga tsakar gida in ce, "Tsoho, ya na ga kifin ya rame? Da ya fi haka." Sai ya yi ƙwafa ya ce in jira.

Yanzu la'asar tana yi shi yake fara neman takalmi, yana ƙwala mini kira wai na cika nawa. Ya hana Babanmu ɗauko mashin. Masu mashin suna tsayawa kamar kullum, su ce Baba ina za a je, ya ce musu kiwon kifi za shi, su wuce abinsu. A makon jiya, a gaban masu dara, na ga kifin ya kusa komawa bijimi.